Zauren Nahawu: Amsoshin Tambayoyinku Kan Ganga Dogarau a Turanci

Yawancin wasiƙun da suka taru a wannan wata sun karkata ne zuwa ga matsala guda, wato ganga dogarau a nahawun Turanci, don haka na ware mata shafin baki ɗaya. Na zaɓi shida daga ciki, na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ainihin abin da masu su ke son sani ba.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi

Malam, barka da aiki. Ina ajin ƙarshe na sakandare. Malaminmu na Turanci ya ja jan biro a ƙarƙashin wannan layi da na rubuta: "Because the road was blocked." Ya rubuta a gefe cewa jimlar ba ta cika ba. Ni kuwa na ga akwai aikau, akwai aikatau, na fara da babban baƙi, na rufe da aya. Me ya rage?

Amsa

Ɗana, malaminka yana da gaskiya, kai ma abin da ka lura da shi daidai ne. A cikin layin akwai aikau, wato "the road", akwai aikatau, wato "was blocked", kuma duk jerin kalmomin da ya tara waɗannan biyu shi masana nahawu ke kira ganga. Sai dai ganga iri biyu ce. Akwai tsayayya, wadda ke iya tsayawa da ƙafarta ta zama jimla, akwai kuma dogarau, wadda littattafan Turanci ke kira "subordinate clause", wadda ba ta da tsayuwa sai ta jingina da wata. Da ka rubuta "The road was blocked" ka ɗiga aya, da babu mai ɗaga maka biro. Kalmar "because" da ka ɗora a gaba ita ce ta sauke gangar daga matsayinta, domin ta yi wa mai karatu alkawarin cewa ga dalili, abin da dalilin ya haifar yana tafe, sai kuma aya ta zo ta yanke maganar kafin a cika alkawarin.

Ka gwada da Hausa ka ji. Idan wani ya tare ka ya ce "Saboda an toshe hanya" ya yi shiru, tsayawa za ka yi kana kallon bakinsa kana jiran sauran. Haka nan idan ya ce "Da muka isa" ko "Mutanen da suka zo". Kunnenka ya san waɗannan ba su cika ba tun kafin kowa ya koya maka nahawu. A wasu wuraren ma Hausa ta fi Turanci fito da abin fili, domin takan canja siffar lamirin lokaci: muna cewa "sun zo" amma "mutanen da suka zo", muna cewa "suna karatu" amma "lokacin da suke karatu". Turanci ba ya yin wannan canji, kalmar "came" tana nan yadda take a cikin "they came" da "when they came". Saboda haka alamar dogaro a Turanci tana kan kalmar da ta buɗe gangar, irin su "because", "although", "if", "unless", "when", "until", "that", "whether", "who" da "which".

Haddace waɗannan kalmomi yana da amfani, amma ba zai kai ka gaci ba. Abin da nake so ka riƙe shi ne cewa kowace ganga dogarau ma'aikaciya ce a cikin wata gangar, tana riƙe da gurbin da kalma guda za ta iya riƙewa. Wani lokaci gurbin suna take cikewa: a cikin "I know the answer" karɓau shi ne "the answer", a cikin "I know that she passed" kuwa gangar "that she passed" ce ke zaune a wannan kujera, kamar yadda "What he said" ke zaune a kujerar aikau a cikin "What he said surprised us". Wani lokaci aikin sifa take yi, ta bi suna tana fayyace shi, kamar "who won the prize" a cikin "the student who won the prize". Wani lokaci kuma aikin bayanau ne, ta faɗi lokaci ko dalili ko sharaɗi ko manufa, kamar "when the rain stopped" a cikin "We left when the rain stopped", inda za ka iya cire ta ka sa "early" jimlar ta zauna lafiya.

Dubi waɗannan jimloli uku da kyau: "I remember when we met", sai "I remember the day when we met", sai "I was young when we met". Kalmomin gangar ba su canja ba ko ɗaya, amma a ta farko ita ce abin da aka tuna, don haka aikin suna take yi. A ta biyu tana fayyace "the day", don haka aikin sifa take yi. A ta uku tana faɗin lokaci, don haka aikin bayanau take yi. Ɗalibin da ya haddace cewa "when" kullum bayanau take kawowa zai faɗi biyu cikin ukun nan. Wannan ne ya sa masu jarrabawa, idan sun ja layi a ƙarƙashin ganga, sukan tambayi sunanta na nahawu sannan su tambayi aikinta, kuma shawarata ita ce ka fara gano aikin, sunan zai biyo baya da kansa.

Layin da ka rubuta yana da wurin da yake halal. Idan aka tambaye ka "Why are you late?" ka amsa da "Because the road was blocked", babu Baturen da zai ce ka yi kuskure, domin tambayar ta riga ta ajiye tsayayyar gangar da amsarka ke jingina da ita. A rubutun makaranta da na ofis ne ake son ka kawo duka biyun a jimla guda. Kada kuma wani ya gaya maka cewa haramun ne a fara jimla da "because". "Because the road was blocked, we arrived late" jimla ce ingantacciya, abin da kawai ake bukata shi ne waƙafi a ƙarshen gangar dogarau idan ita ta fara zuwa, idan kuwa ita ce a baya, galibi ba a sa shi: "We arrived late because the road was blocked." Ita kanta kalmar ta samo asali ne daga haɗuwar "by" da "cause" a ƙarni na 14, kuma har yanzu tana motsi, domin ƙungiyar masu nazarin karin harshe ta Amurka ta zaɓe ta a matsayin kalmar shekarar 2013 saboda sabon salon da ya yaɗu a intanet na bin ta da suna tsura, kamar "because science". Wannan salon hira ne, kada ka kai shi takardar jarrabawa.

Tambaya ta biyu, daga wata malamar makaranta

Assalamu alaikum, Malam. Ina koyar da Turanci a ƙaramar sakandare, kuma kurakurai biyu sun ƙi barin littattafan ɗalibaina. Na farko: "Although he was tired, but he finished the work." Na biyu: "When my father will come, I will tell him." Na gyara har na gaji. Ina son sanin tushen abin, ko na samu hanyar magance shi.

Amsa

Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya saka da alheri bisa wannan ɗawainiya. Kuskure na farko ba sakaci ba ne, ginin Hausa ne aka yi wa rufi da kalmomin Turanci. Mu muna cewa "Ko da yake ya gaji, amma ya gama aikin", kuma babu kunnen da wannan ke yi wa nauyi. A Turanci kuwa kalmomin biyu aikinsu ya saɓa wa juna: "although" tana mayar da gangarta dogarau, tana jiran tsayayya ta zo kai tsaye, ita kuma "but" tana haɗa abubuwa biyu masu matsayi ɗaya ne. Idan aka tara su, gangar farko tana neman abin jingina, ta biyu kuma tana neman tsararta, ko wacce ba ta samu abin da take nema ba. Maganin shi ne a zaɓi ɗaya: ko "Although he was tired, he finished the work", ko "He was tired, but he finished the work". Idan yaro ya ji jimlar ta yi masa fayau ba tare da "amma" ba, ki ba shi "still" ya sa a cikin gangar ta biyu, "he still finished the work", domin ita bayanau ce, ba ta rikici da kowa. Irin wannan cuta ce ke haifar da "Since you are here, so let us begin", inda "tunda" da "to" na Hausa suka bi yaron har cikin Turanci.

Ki kuma lura da 'yar'uwar wannan matsala, wato "despite". Ita suna take so ya bi ta, ba ganga ba, don haka "despite he was tired" kuskure ne, daidai shi ne "despite his tiredness" ko "despite the fact that he was tired". Nan Hausa za ta taimake ki, domin bambancin "duk da gajiyarsa" da "duk da cewa ya gaji" shi ne dai bambancin.

Kuskure na biyu ya fi ban sha'awa, domin a nan harsunan biyu sun yi tarayya a rabi sun rabu a rabi. Ƙa'idar Turanci ita ce, gangar da ke faɗin lokaci ko sharaɗi ba ta ɗaukar "will" ko da abin bai faru ba tukuna, lokaci mai ci take ɗauka: "When my father comes, I will tell him", haka kuma bayan "if", "until", "before", "after" da "as soon as". Hausa ma ba ta cewa "idan babana zai zo, zan gaya masa" da wannan ma'ana, cewa take yi "idan babana ya zo". Ke nan dukansu sun guje wa lokaci mai zuwa, sai dai Hausa ta koma ga shuɗaɗɗe, Turanci ya tsaya a mai ci. Shi ya sa za ki ga wasu yaran sun rubuta "when he came, I will tell him", waɗannan Hausa suka bi sak, wasu kuma sun rubuta "when he will come", waɗannan hankali suka bi, ganin cewa zuwan yana gaba.

Ga gwajin da nake ganin zai yi miki aiki a aji. Ki rubuta "I do not know when he will come" a allo, ki tambaye su me ya sa "will" ta halatta a nan. Amsar ita ce wannan gangar aikin suna take yi, ita ce abin da ba a sani ba. Sannan ki ce su faɗe ta da Hausa, za su ce "Ban san lokacin da zai zo ba", da "zai" ɗinta. Duk inda Hausa ta ce "idan ya zo", Turanci zai ce "when he comes" ko "if he comes", duk inda Hausa ta ce "lokacin da zai zo" a matsayin abin da ake tambaya ko ake sani, Turanci zai yarda da "will". Sai ki ƙara musu da cewa "idan" ɗinmu guda ɗaya kalmomi biyu ce a Turanci: "when" ga abin da ake da tabbacin zuwansa, "if" ga abin da ake shakka.

Sharaɗin abin da ya riga ya wuce kuwa, wanda muke ginawa da "da" biyu, kamar "Da na sani, da ban je ba", Turanci yana gina shi da "had" a gangar dogarau da "would have" a tsayayya: "If I had known, I would not have gone." A rubutu mai nauyi akan jefar da "if" a juya kalmomin a ce "Had I known". Ki kuma gargaɗe su game da "unless", domin korewa tana cikinta tun asali, ma'anarta "in ba", saboda haka wanda ya rubuta "unless you do not register" alhali yana nufin "in ba ka yi rajista ba" ya kore abin sau biyu, ya faɗi kishiyar nufinsa.

Tambaya ta uku, daga wani ma'aikacin ofis

Malam, aikina rubuta wasiƙu da rahotanni. Manhajar da nake rubutu da ita takan ja layi a ƙarƙashin "which" ta ce in mayar da ita "that" ko in sa waƙafi. Shugabana kuwa, wanda ya yi karatu a Ingila, yana rubuta "which" ba waƙafi, kuma Turancinsa ba ya da makusa. Wa zan bi?

Amsa

Malam, tambayarka ta ƙunshi abubuwa biyu, ɗaya ƙa'ida ce da ba a wasa da ita, ɗaya kuma zaɓin salo ne, kuma manhajar ta cakuɗa maka su.

Ƙa'idar ita ce gangar da ke aikin sifa iri biyu ce. Akwai mai tantancewa, wadda ke ware wanda ake nufi daga cikin saura, akwai kuma mai ƙarin bayani, wadda ke ƙara labari a kan abin da an riga an san shi. Ta farko ba ta ɗaukar waƙafi, ta biyu dole a killace ta da shi. Ka ɗauka an ba ka sanarwa ka buga, ka rubuta "The workers who arrived late were fined." Ma'anar ita ce waɗanda suka makara kaɗai aka ci tara, sauran sun tsira. Idan ka rubuta "The workers, who arrived late, were fined", ka ce duk ma'aikatan sun makara kuma duka an ci su tara. Waƙafi biyu ne suka raba hukuncin waɗanda suka makara kaɗai da hukuncin ma'aikata gaba ɗaya. A magana murya ce ke yin wannan aiki, mai magana yakan ɗan dakata ya sauke murya a kan gangar ƙarin bayani, a rubutu kuwa babu mai yi maka shi sai waƙafi. Hausa ma ta san bambancin, domin "ma'aikatan da suka makara" tantancewa ce, idan kuwa ƙarin bayani ake so mukan ɗan tsaya mu kawo "waɗanda" cikakkiya. A Turancin yau "that" ba ta buɗe gangar ƙarin bayani, don haka bayan waƙafi "which" ko "who" za ka sa. Haka nan idan gangar tana magana a kan dukan abin da ya gabata, kamar "He resigned, which surprised everyone", inda mu za mu ce "abin da ya ba kowa mamaki".

Zaɓin salon kuwa shi ne ko "which" na iya buɗe ganga mai tantancewa, kamar "the report which I sent". Tana iyawa, kuma ta daɗe tana yi. Wanda ya fi kowa yaɗa ra'ayin a raba musu aiki shi ne H. W. Fowler, a ƙamusunsa na amfani da Turanci da ya fito a 1926, inda ya ba da shawarar a bar wa "that" tantancewa a bar wa "which" ƙarin bayani, kuma shi da kansa ya amsa cewa ba haka mafi yawan marubuta ko gwanayensu ke yi ba. Editocin Amurka suka rungumi shawarar har ta zama musu kamar doka, marubutan Ingila kuwa suka ci gaba da amfani da duka biyun. Ko a Amurkar ma ba kowa ya bi ta ba: a jawabin da Shugaba Franklin Roosevelt ya yi wa majalisa ranar 8 ga Disamba, 1941, washegarin harin Pearl Harbor, cewa ya yi "a date which will live in infamy", kuma ba a taɓa jin wanda ya kasa fahimtarsa ba. Saboda haka shugabanka bai yi kuskure ba, manhajarka kuma salon Amurka take bi. Ni dai ina ganin amfanin shawarar Fowler ga mai rubuta takardun aiki, domin tana tilasta maka ka tambayi kanka kowane lokaci ko tantancewa kake yi ko ƙarin bayani, amma ba na yarda a kira wanda bai bi ta ba mai kuskure.

Domin ka ga nauyin waƙafi a gaban ganga dogarau, ga abin da ya faru a Kanada. Kamfanonin sadarwa biyu, Rogers da Aliant, sun ƙulla yarjejeniya a 2002 kan amfani da turakun waya. Jimlar da ta jawo rigima ta ce yarjejeniyar za ta yi aiki shekara biyar, sannan ta ci gaba da sabuntuwa shekara biyar-biyar, sai waƙafi, sai sharaɗin da ya fara da "unless and until terminated", wanda ya ba kowane ɓangare damar soke ta da sanarwar shekara guda. Rogers ya fahimci cewa sharaɗin ya shafi zangon sabuntawa ne kawai, shekara biyar ɗin farko ba a taɓa su. Aliant ya ce waƙafin ya sa sharaɗin ya hau kan jimlar duka, don haka yana iya sokewa tun kafin biyar ɗin farko su cika. A 2006 hukumar kula da harkokin sadarwa ta ƙasar ta ba Aliant gaskiya bisa hujjar waƙafin, sai a 2007 ta sauya matsayi bayan ta duba kwafin yarjejeniyar na Faransanci, wanda ma'anarsa ba ta da harshen damo. Duk rigimar a kan tambaya guda take: wannan gangar, da wa take jingine? Idan kana rubuta sharaɗi a takardar aiki kuma ka ga zai iya jingina da wuri biyu, ka raba jimlar gida biyu.

Tambaya ta huɗu, daga wata mai karatu

Malam, wanne ne daidai: "Can you tell me where is the library?" ko "Can you tell me where the library is?" Na farkon ya fi yi mini daɗi a baki.

Amsa

Na biyun ne daidai, 'yar'uwa. Tambaya kai tsaye a Turanci takan gabatar da aikatau a kan aikau, "Where is the library?", amma da zarar ta shiga cikin wata jimla ta zama ganga dogarau mai aikin suna, sai kalmominta su koma tsarin zance na yau da kullum, aikau a gaba, aikatau a baya, kuma "do", "does" da "did" na tambaya su faɗi: "What does he want?" ta koma "I asked what he wants" ko "what he wanted". Hausa na yin irin wannan sauyi ta wata hanyar. Mu kalmar tambayar muke canjawa, "ina" ta koma "inda", "yaya" ta koma "yadda", "me" ta koma "abin da", shi ya sa muke cewa "Ina laburaren yake?" amma "Gaya mini inda laburaren yake". Turanci yana barin kalmar yadda take ya canja jerin. Idan tambayar ta "e" ko "a'a" ce, sai a buɗe gangar da "whether" ko "if", daidai da "ko" ɗinmu: "I asked whether she had arrived", kuma a rufe da aya, ba ayar tambaya ba, tunda jimlar uwa labari ce.

Tambaya ta biyar, daga wani mai koyon Turanci da kansa

Malam, an gyara mini "This is the pen that I wrote with it" aka cire "it". Sai na ga jimlar ta ƙare da "with", alhali na taɓa karanta cewa ba a ƙare jimla da irin wannan kalma. Ina cikin ruɗani.

Amsa

Wanda ya gyara maka ya kyauta. A Hausa dole ne mu ce "alƙalamin da na yi rubutu da shi", "yaron da na yi magana da shi", "matar da motarta ta lalace", wato mukan bar wakilin suna a cikin gangar yana nuna baya. Daidaitaccen Turanci ba ya barin sa, domin "that" ko "which" ko "who" ta riga ta wakilci sunan, gurbinsa a cikin gangar kuma fanko ake barinsa: "the pen that I wrote with", "the boy I spoke to". Inda mu muke cewa "da motarta", su suna da kalma ta musamman, "whose": "the woman whose car broke down", ba "the woman that her car broke down" ba. Wannan na cikin kurakuran da suka fi daɗewa a bakin mai koyo, domin gurbin da aka bari fanko yana yi wa kunnen Bahaushe kamar an manta da wani abu.

Batun ƙare jimla da "with" ko "to" ko "about" kuwa, ka kwantar da hankalinka. Turawa suna yin haka tun ƙarnuka da dama. Ƙyamar abin ana danganta farkonta ne ga mawaƙi John Dryden, wanda a 1672 ya soki marubuci Ben Jonson a kan haka, kuma awon da aka yi amfani da shi na Latin ne, harshen da ba ya barin irin waɗannan kalmomi a ƙarshe. Kana da zaɓi biyu, duka ingantattu: "the pen with which I wrote" a rubutu mai nauyi, ko "the pen that I wrote with" a ko'ina. Abin da ba ya yiwuwa shi ne "the pen with that I wrote", domin "that" ba ta yarda irin wannan kalma ta gabace ta. Haka kuma idan mutum ne, bayan "to" ko "with" sai "whom": "the boy to whom I spoke".

Ka lura a cikin "the boy I spoke to" babu "that" babu "who" sam, amma gangar tana nan daram. Ana iya jefar da kalmar buɗewa idan ba ita ce aikau na gangar ba, kamar "the book I bought", amma ba a jefar da ita a cikin "the man who called", domin idan ta tafi gangar ta rasa aikau. Wannan wata hujja ce da ke nuna cewa neman kalmar buɗewa kaɗai ba ya isa wajen gane ganga dogarau. Idan ka ga aikau da aikatau sun biyo bayan suna kai tsaye, to ganga ce ke fayyace shi, ko da ba ta yi sallama ba.

Tambaya ta shida, daga wata ɗalibar jami'a

Malam, wani littafi ya ce "after" a cikin "after she left" mahaɗi ce, wato kalmar da ke haɗa ganga da ganga, wani kuma ya sa ta aji ɗaya da "in" da "on". Sannan malaminmu ya ce "Walking into the room" ma ganga ce, alhali ba ta da aikau. Yaya abin yake?

Amsa

'Yata, saɓanin da kika gani na gaske ne, tsakanin masana yake. Tsohon tsari, wanda yawancin littattafan makaranta ke bi, yana kiran "after" mahaɗi idan ganga ta biyo ta, ya kuma sa ta ajin su "in" da "on" idan suna ya biyo ta, kamar "after the meeting". Babban littafin nahawun da Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum suka fitar a Cambridge a 2002 ya ce kalma guda ce mai ma'ana guda, abin da ke bin ta ne ke canjawa, don haka ya bar ta a aji ɗaya a duka wuraren, ya kuma taƙaita sunan mahaɗin dogaro ga 'yan kalmomi kaɗan irin su "that" da "whether". Hujjarsu ta gamsar da ni, musamman da yake "bayan" ɗinmu haka take, muna cewa "bayan taro" mu ce "bayan ta tafi". A jarrabawa dai ki bi tsarin da manhajar karatunku ta ɗauka, domin jimlar da za ki rubuta ba ta canjawa ko wane suna aka ba kalmar.

Malaminku ma yana kan hanya. Nahawun zamani yana lissafa irin su "Walking into the room" da "To pass the test" da "When questioned" a cikin gangunan dogarau, ko da yake aikatau ɗinsu ba ya nuna lokaci kuma aikau ɗinsu a ɓoye yake, tsofaffin littattafai kuwa yankin jimla suke kiransu. Abin da ya fi sunan muhimmanci shi ne inda mai karatu ke nemo ɓoyayyen aikau ɗin, wato a wurin aikau na tsayayyar gangar da ke biye. "Walking into the room, she noticed the broken window" ta zauna daidai, domin mai shiga ɗakin ita ce mai lura da tagar. Amma wanda ya rubuta "Walking into the room, the lights went off" ya sa fitilu sun taka sun shiga ɗaki. Gyaran hanya biyu ne: ko a kawo mai shigar ya zama aikau na tsayayyar gangar, "Walking into the room, she saw the lights go off", ko a buɗe gangar dogarau a ba ta aikau nata da lokacinta, "As she walked into the room, the lights went off".